Ruwa Riƙon Ƙwarya Yake Yi Wa Jini: Abin Da Ke Ceton Mai Zubar Jini A Birnin Kano

Duk wanda ya taɓa kwana a barandar Asibitin Murtala, nan Ƙofar Mata, ya san yadda labari yake tashi daga bakin ɗakin emajensi ya isa cikin gida. Ɗaya daga cikin 'yan rakiya zai raɓe gefe ya kara waya a kunne: "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, an sa mata ruwa." Can a Yakasai ko Mandawari ko Dandago sai a yi hamdala, masu kuka su share hawaye.

Mu Kanawa mun yarda da ledar ƙarin ruwa ƙwarai da gaske. Mai zazzaɓi ma idan ya je asibiti aka sallame shi da ƙwayoyi, ba a rataya masa ita ba, gani yake an yi masa sakaci. Ruwan kuwa yana da ranarsa, domin a lokacin annobar amai da gudawa yana ceton rayuka da yawa. Amma ga wanda jini yake fita daga jikinsa, mai jego ce da jini ya ɓalle mata, ko wanda mota ta kaɗe a titin Kabuga, ko saurayin da 'yan ƙwacen waya suka daɓa wa wuƙa, ruwa riƙon ƙwarya kawai yake yi kafin a tsayar da zubar a kuma mayar da jini. Idan aka ɗauki mai riƙon ƙwarya a matsayin mai kujerar, a nan ake rasa mutum.

Yadda jiki yake ɓoye asararsa

Babban mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da jini kimanin lita 5, wato cikin ledar fiya wata goma. Idan ya rasa leda ɗaya, jiki yana jurewa. Kusan haka ake ɗiba daga wanda ya je ba da jini, ya sha lemo ya tashi ya tafi kasuwa. Idan asarar ta haura leda uku, zuciya tana gudu fiye da bugu 120 a minti, numfashi yana sauri, fitsari yana ɗaukewa. Leda huɗu kuwa, kashi 40 cikin 100 ke nan na jinin jiki, mutum yana bakin kabari.

Abin da ya sa lamarin yake da hatsari shi ne jiki ya iya rufa wa kansa asiri. Da jini ya fara raguwa, sai ƙananan jijiyoyin fata da na hanji da na ƙoda su tsuke, a tura ɗan abin da ya rage zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa. Saboda haka ana iya ɗaura wa mutum abin awon jini a hannu a ga lamba daidai, alhali ya riga ya rasa kusan kashi 30 cikin 100. Matasa majiya ƙarfi da mata masu ciki, waɗanda jininsu kan ƙaru da kusan rabi kafin haihuwa, su suka fi daɗewa suna riƙe da kansu, sannan su faɗi gaba ɗaya a cikin 'yan mintuna. Wannan hali ne likitoci ke kira shok: sassan jiki sun daina samun iskar oksijin da jini yake kai musu, sun fara mutuwa a hankali tun mai jikin yana magana.

Alamun da suka riga faɗuwar awo ba sa buƙatar na'ura. Tafin hannu da ƙafa su yi sanyi, gumi ya tsattsafo, cikin fatar ido ya yi fari, mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ya riƙa cewa a ba shi ruwa ya sha. Wannan ƙishirwa ita ke sa 'yan'uwa su ruga su sayo madara ko lemo, abin da bai kamata ba, domin wataƙila tiyata za a shiga da shi, kuma abin da ke cikin tumbi yana iya dawowa ya shige huhu idan an sa shi barci. Malaman asibiti suna da wani lissafi mai sauƙi: idan yawan bugun zuciya a minti ya kamo lambar sama ta awon jini, ko ya haura ta, to ana cikin hatsari ko da mara lafiyar yana murmushi.

Me ke cikin ledar?

Ruwa ne tsarkakakke da gishiri, giram 9 a kowace lita. Wani likita mai suna Thomas Latta ne ya fara ɗura irinsa ta jijiya a shekarar 1832, lokacin annobar kwalara a Sikotilan. Ɗaya nau'in da ake yawan ratayawa yana ɗauke da sunan Sydney Ringer, wanda ya haɗa shi a shekarun 1880, da Alexis Hartmann, likitan yara a Amurka da ya gyara haɗin wajen 1932. Duka biyun suna cika jijiya su ɗaga awo. Amma babu jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar oksijin a cikinsu, babu kuma sinadaran da ke sa jini ya daskare ya toshe rauni. Sannan ba sa zama: cikin sa'a guda mafi yawan abin da aka ɗura ya tsiyaye daga jijiya ya shige tsoka, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu ba.

Idan aka yi ta ɗurawa leda bayan leda alhali ƙofar zubar tana buɗe, ɓarna uku ke faruwa lokaci ɗaya. Jinin da ya rage yana tsinkewa, ƙarfin daskarewarsa ya ragu. Awon da aka ɗaga da ƙarfi yana iya ture ɗan gudan jinin da jiki ya yi ƙoƙarin toshe raunin da shi, zuba ta dawo sabuwa. Sannan ruwan yana sanyaya jiki, jini kuwa ba ya daskarewa yadda ya kamata a jiki mai sanyi. Wanda ya san daren hunturu a Kano, ya kuma tuna mutumin da aka kwaso daga bakin titi tufafinsa sun jiƙe da jini, aka ɗauko ledar da ta kwana a sito aka sa masa, zai gane ba ƙaramar magana ba ce. Sanyi, da tsamin jini, da kasa daskarewa, kowanne yana rura ɗan'uwansa har sai abin ya fi ƙarfin likita.

Tun 1918, a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likita mai suna Walter Cannon ya yi gargaɗin cewa ɗaga awon jinin soja kafin likitan tiyata ya kama jijiyar da ta tsinke asarar jini ce kawai. Aka yi watsi da gargaɗin shekaru da dama. Daga shekarun 1960 aka koyar da ɗaliban likita a duniya cewa duk lita ɗaya ta jini da ta zuba a mayar da lita uku ta ruwa. Sai a 1994 aka buga wani bincike daga birnin Hustan na Amurka, kan mutum 598 da aka harba ko aka soka a ƙirji ko ciki. Waɗanda aka fara ɗura wa ruwa tun a motar asibiti, kashi 62 cikin 100 suka rayu. Waɗanda aka jinkirta wa ruwan har sai an kai su tiyata, kashi 70 suka rayu. Yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan suka ƙara tabbatar wa likitocin soja darasin. A 2018 sabon bugun darasin kula da masu munanan raunuka da ake koyar da likitoci a ƙasashe da yawa ya rage ruwan farko daga lita 2 zuwa lita 1, ya ce a gaggauta komawa ga jini.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan ya je ya hana nas sa wa ɗan'uwansa ruwa. Hustan birni ne da ake kai mutum tiyata cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, jini na jira a firji. A wurin da ledar jini take ɗaukar sa'o'i kafin ta iso, ruwan ne ke hana zuciya tsayawa, kuma ga mai jego Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a fara da shi. Abin da ilmi ya gyara shi ne yadda ake ba da shi: da ɗumi, kaɗan-kaɗan, ana dubawa bayan kowane kashi, har bugun jijiya ya dawo a wuyan hannu mutum ya gane masu yi masa magana. Ga mai rauni, lambar sama ta awo tsakanin 80 da 90 ta isa har a ɗinke inda ke zuba. Wanda ya bugu a ka shi ne ba a yi wa haka, domin ƙwaƙwalwar da ta kumbura tana buƙatar awo mai ƙarfi. Don haka tambayar da ta dace a yi bayan an ji cewa an sa ruwa ita ce: "Malama, jinin ya tsaya? An kai samfurin nata lab? Leda nawa za mu nemo?"

Abin da Kano ta koya wa duniya

Ba kowa ya san cewa wani ɓangare na wannan ilmi a ɗakunan haihuwar garin nan aka gwada shi ba. A duniya mata kusan miliyan 14 ke fuskantar zubar jini bayan haihuwa kowace shekara, kimanin 70,000 su mutu. Nijeriya kuma, a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020, ta rasa mata kusan 82,000 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Saurin zubar jini bayan haihuwa shi ne tashin hankalin. A watan haihuwa jinin da ke ratsa mahaifa ya kai rabin lita ko fiye a kowane minti. Idan mabiyiya ta fita mahaifa ta ƙi tsukewa, mace lafiyayya tana iya rasuwa cikin sa'o'i biyu.

Daga 2004 likitoci a Kano da Katsina da Ibadan, tare da masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya, suka gwada wata rigar roba mai maɗaurai da ake naɗe mace da ita daga idon sawu zuwa cibiya. Tana matse ƙafafu da mara, ta kora jinin da ya taru a ƙasa zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, ta kuma rage wanda ke kwarara ta mahaifa. Babu wuta, babu batir, ana wankewa a sake amfani da ita. A zangon da aka yi aiki da ita zubar jini da mace-mace sun ragu, kuma a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a matsayin abin riƙe mace kafin a kai ta inda jini da tiyata suke.

Sai allurar tiranezamik asid, wadda wasu likitoci miji da mata, Shosuke da Utako Okamoto, suka gano a Japan a farkon shekarun 1960. Aikinta shi ne hana gudan jinin da ya daskare narkewa. A 2010 an gwada ta kan masu rauni sama da 20,000 a ƙasashe 40, ta rage mutuwa. A 2017 aka fitar da sakamakon gwajinta kan mata 20,060 a ƙasashe 21, dubbai daga cikinsu 'yan Nijeriya. Idan aka yi ta cikin sa'o'i uku da haihuwa, mutuwa ta dalilin zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan sa'a uku amfaninta ya tafi. Allura ce mai araha, ba ta buƙatar firji, saɓanin oksitosin mai tsuke mahaifa, wanda zafi ke kashe ƙarfinsa idan ba a ajiye shi a sanyi ba, kuma wannan babbar matsala ce a garin da ake ganin digiri 40 a watan Afrilu.

Amma binciken da ya fi taɓa ni shi ne wanda ya biyo baya, saboda sauƙinsa. A watan Mayu na 2023 aka buga sakamakon binciken da ake kira E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 210,000. Farfesa Hadiza Shehu Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ita ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Masu binciken sun lura cewa da ido ake kintatar jinin da mai haihuwa ta zubar, ido kuwa yana raina jini, musamman idan ya shige zani da katifa. Sai suka shimfiɗa wa kowace mace wata leda mai aljihu da layukan awo, jinin ya taru a ciki a riƙa karantawa. Da ya kai rabin lita, ko mililita 300 tare da wata alamar hatsari, ba a jiran likita ya zo daga gida. Ungozomar asibiti za ta murza mahaifa, ta yi oksitosin, ta yi tiranezamik, ta sa ruwa, ta duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, duka a tare maimakon a gwada ɗaya a jira a ga ko ya yi.

A asibitocin da suka ci gaba da tsohuwar hanya, rabin masu zubar jini ne kawai aka gano. A waɗanda suka shimfiɗa ledar, an gano fiye da kashi 90. Zubar da ta kai lita ɗaya, ko buɗe ciki don tsayar da jini, ko mutuwa, a haɗe sun sauka daga kashi 4.3 zuwa 1.6 cikin 100, ragin kashi 60 ke nan. A ƙarshen shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin shawara ga ƙasashe, a 2024 kuma mujallar Time ta sa Farfesa Galadanci cikin mutum 100 mafiya tasiri a harkar lafiya. Ruwa yana cikin tsarin, amma ɗaya ne cikin abubuwa biyar, kuma sauran duk aikinsu rufe ƙofar zuba ne.

Daga lungu zuwa bakin titi

Duk wannan sai ga matar da ta haihu a asibiti. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma ba a kai haihuwa ɗaya cikin biyar da ake yi a asibiti ba, kuma a faɗin ƙasar masu ciki shida cikin goma suna da ƙarancin jini tun kafin naƙuda, saboda maleriya da rashin abinci mai gina jini da haihuwa kusa-kusa. Macen da ta shiga naƙuda da jini kaɗan, asarar da wata za ta jure ita kayar da ita take yi.

Cikin birni asibiti ba shi da nisa. Daga Jakara ko Koki ko Soron Ɗinki zuwa Asibitin Murtala tafiyar 'yan mintuna ce, kuma Jihar Kano ta ayyana kula da masu ciki kyauta tun 2001. Lokacin a cikin ɗaki yake ƙarewa. Tsohuwa ta ce a bari mataccen jini ya fita, ai alheri ne. A canza zani na biyu, a canza na uku. Maigida yana kasuwar Kurmi ko ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga, babu mai ƙarfin halin cewa a fita da ita. Idan an yanke shawarar, lungun ba ya ɗaukar mota, sai an tallabo ta zuwa bakin titi a nemi adaidaita sahu da ƙarfe biyu na dare. Ina girmama ungozomominmu na gargajiya, hannunsu ya karɓi yawancinmu. Amma babu rubutu ko jiƙo da zai tsuke mahaifar da ta saki, kuma mace ba ta da jinin banza da za a zuba ido a bari ya ƙare. Magidanci ya bar izini tun cikin yana wata bakwai, a gaban mahaifiyarsa da maƙwabta: in an ga jini ya jiƙe zani, ko gudaji suna fita, ko ta ce tana ganin jiri, a tafi da ita ko ba ya nan.

Ga mai rauni kuma, abin da hannun na kusa zai yi ya fi duk ruwan da ke asibiti. A danne wurin da tsumma mai tsabta da dukkan ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Kada a zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai. Wuƙar da ta maƙale a jiki a bar ta, likita zai cire a tiyata. Idan hannu ne ko ƙafa jini yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin tamau da ƙyalle mai faɗi, a riƙe lokacin da aka ɗaure a faɗa wa likita. A kwantar da shi a lulluɓe. Tsoron 'yan sanda kuma bai kamata ya tsayar da kowa ba: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Jinin da ba ya nan

A nan maganar take komawa kanmu. Likita zai iya ɗinke jijiya, amma jinin da ya riga ya zuba sai daga jikin wani mutum, babu masana'antar da ke yin sa. Tsarin da muka saba da shi shi ne a ce wa dangi su kawo wanda zai bayar. A buga waya, a taso ƙani daga barci, a gwada a ga nasa bai dace ba, a taso wani. A tantance jinin daga ƙanjamau da ciwon hanta, a gwada shi da na mara lafiya. Kowane mataki yana da dalili, amma a haɗe sa'o'i ne, kuma su ne sa'o'in da ake ta rataya ruwa saboda babu abin da za a rataya. Wanda ba shi da dangi a kusa sai ya faɗa hannun masu sayar da jininsu, wanda shi ne mafi hatsarin jini.

Kanawa ba marowatan jini ba ne. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014, da aka kai harin bam da bindiga Babban Masallacin Juma'a da ke jikin Gidan Sarki, aka rasa mutum sama da 100, asibitoci sun yi shelar neman jini kuma jama'a sun amsa. Matsalar ita ce sai mun ga musiba da idonmu muke miƙa hannu, alhali matar da za ta haihu daren Talata mai zuwa babu rediyon da zai yi mata shela. Ledar jini kuma ba ta wuce mako biyar zuwa shida a firji, firjin ma sai da wutar da ba ta ɗaukewa, saboda haka taron rana ɗaya ba ya cika rumbun shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan mutum ɗaya cikin 100 yana bayarwa a kai a kai, ƙasa za ta samu mafi ƙarancin abin da take buƙata. Nijeriya ba ta kai nan ba, duk da dokar kafa hukumar jini ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2021.

Masu tsoron cewa jinin ba ya dawowa, ko ƙarfin namiji yana raguwa, su sani ruwan jinin yana cikowa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin makonni. Malaman fiƙihu na wannan zamani sun halatta bayarwa don ceton rai. Lafiyayyen da ya kai shekara 18 da nauyin kilo 50 zai iya bayarwa, namiji duk bayan wata uku, mace duk bayan wata huɗu idan ba ta da ciki ko shayarwa.

Gwamnatin jiha tana da nata aikin: ta samar da ledar awo da tiranezamik da rigar matsewa a kowane ɗakin haihuwa har na ƙananan asibitocin unguwa, da sola ga kowane firjin jini. Mu kuma muna da masu unguwanni, da limamai, da 'yan agaji, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa daga Kurmi har Kantin Kwari, da majalisun samari a kowace ƙofar gida. Kowace unguwa ta rubuta sunayen masu iya bayarwa da rukunin jininsu da lambobin wayarsu, ta ajiye a hannun mai unguwa da limami. Kai kuma mai karatu, idan matarka ko ƙanwarka tana da ciki, ka raka ta awo a auna jininta, ka san rukuninsa, sannan ka je bankin jini na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ka ba da leda ɗaya tun kafin watanta ya kama.